Daɓen gida na masu gida ne, ba na idon baƙo ba

A damanar da ta wuce goggona ta faɗi a barandar gidan ɗanta. Ta idar da alwalar asuba, ta tako da jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan sabon karon da aka shimfiɗa, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Tsohuwar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta, yau sai an tallabe ta za ta kewaya. Ɗan nata ba mugu ba ne, malamin lakwal ne kamar da yawa daga cikinku, kuma sai da ya ci bashi kafin ya sayi karon nan don ya faranta wa uwarsa rai. Laifinsa guda: da ya shiga kanti, bai tambayi kansa wa zai taka wannan abu ba, ya tambayi kansa me mutane za su ce in sun gani.

Wannan cuta ta cika Maraɗi da Damagaram da Tawa, balle Yamai. Kowa so yake ɗakinsa ya riƙa ƙyalli kamar madubi, irin wanda ake gani a hotunan Facebook. Uwar amarya ta zo ganin ɗaki, ba ta duba ko rufin yana yoyo ba, ƙasa take kallo. Ango ya ji kunya ya je ya ci bashi. Karo mai ƙyalli kuwa kyan ɗan maciji ne a gida irin namu.

Mu dubi yadda muke zaune. Sau biyar a rana muna alwala. Da buta muke shiga makewayi mu fito ƙafa a jiƙe. A ƙasa muke cin tuwo, a ƙasa muke salla, a ƙasa jariri ke rarrafe, a ƙasa ɗan lakwal ke kwanciya rub da ciki yana aikin da mushe ya ba shi. Ga ƙurar hunturu, wadda in ta kwanta a kan karo mai sheƙi ita ma santsi take yi, kuma a kansa kowane sawu yake fitowa. Wa ke gugewa safe da yamma? Ƴarmu mace, wadda ya kamata a ce a lokacin tana bitar darasinta.

Za a ce mini karo yana da sanyi lokacin bazara, yana da sauƙin wankewa, kuma yana daɗewa. Gaskiya ne, ban musa ba. Ba karo nake yaƙi da shi ba, sayen ido rufe nake yaƙi da shi. Karo iri-iri ne. Akwai na bango, akwai na ƙasa, kuma na bango bai da ƙarfin ɗaukar taku. Duk da haka wasu na shimfiɗa shi a ƙasa don ya fi araha. A jikin kwalin wasu za ka ga alama daga R9 zuwa R13, wadda ke nuna yadda yake riƙe ƙafa: gwargwadon hawan lambar, gwargwadon ƙarancin santsinsa. Baranda da makewayi da wurin girki, mai kaushi ya kamace su. In babu alama a kwalin, kada ka ji kunya: ka sa a ajiye guda a ƙasa, ka zuba masa ruwa, ka taka da ƙafarka babu takalmi. Mai kantin da ya hana ka wannan gwaji, ka bar masa kayansa.

Sai lissafi, kuma a nan ne nake mamakin malamai. Mutum ya wuni yana koya wa yara auna faɗin fili, amma ya je kanti bai auna ɗakinsa ba. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, murabba'in mita 16 ke nan. Karo mai santimita 60 kowane gefe, in guda 4 ne a kwali, kwalin yana rufe murabba'in mita 1,44. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kwali 13 kake bukata. Ka saye su a lokaci guda, don wanda za ka dawo nema bayan wata biyu da wuya launinsa ya zo daidai. Kuma kuɗin karo ba shi ne ƙarshen kashewa ba: akwai siminti, yashi, dako, da ladan mai aiki. Mutane da yawa sun lissafa kwali kawai, aiki ya tsaya a tsakiya, watan Oktoba ya riske su babu kuɗin littafi da alƙalami.

Abin da ya fi muhimmanci ma ba a ganinsa, domin yana ƙarƙashi. Mun ga abin da ruwan 2024 ya yi a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya rushe, aka kuma ɗaga komawa lakwal. Ɗakin da ƙasansa ke daidai da tsakar gida, ko da zinariya ka shimfiɗa, ruwa zai shiga. A fara cike ɗaki a ɗaga shi, a daddaɓe cikon ya zauna, a zuba siminti mai kauri, a karkata makewayi da baranda wajen magudana. Bayan an gama sa karo, ka bi shi da ƙwanƙwasa. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, kuma shi zai fara fashewa. Kada ka biya ragowar kuɗin aiki sai an gyara.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ina abin kunya a daɓen siminti? Ga shi ana yin simintin a Malbaza, cikin ƙasarmu. Daɓen da aka yi da kyau, aka riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda don kada ya tsage, aka shimfiɗa masa tabarmar kaba, ya fi karon bashi. Tabarma kana kakkaɓe ta ka shanya a rana. Babbar dardumar da aka mamaye ɗaki da ita bango zuwa bango kuwa rumbun ƙura ce, mai yaron da ke fama da asma ya san haka. Ledar ɗaki ita ma, in aka shimfiɗa ta a kan ƙasa mai laima, danshi take ɓoyewa har wari ya tashi.

Kakanninmu mata da suke taruwa su yi daɓe da tsakuwa da makuba, ba su san R10 ba, amma sun san ƙafar da za ta taka. Mu da muka yi karatu, bai kamata mu gaza su ba.

Don haka kafin ka miƙa wa mai kanti jikka ko ɗaya, ka tsaya ka ƙirga mutanen gidanka: tsohuwar da ke dogara sanda, matar da ke da juna biyu, yaron da bai iya tafiya ba sai gudu. Su ne masu ɗakin. Baƙon da kake son burgewa zai sha ruwa ya yaba ya tafi gidansa, kuma ranar da aka kwashi wani zuwa asibiti ba shi zai biya kuɗin magani ba. Allah ya ba goggo lafiya, mu kuma gani ga wane ya ishe mu.