Lafiya Uwar Jiki: Robar Da Ake Zura Wa Majiyyaci Ta Jijiyar Hammata

Duk mutumin da ya taɓa zaman jinyar wani nasa a babban asibiti ya san wata sa'a mai nauyi, watau sa'ad da ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a bayan hannun majiyyaci ta rasa, ta hau gwiwar hannu ta rasa, ta gangara ƙafa nan ma babu labari. Ga ledar ƙarin ruwa a rataye, ga magani an sayo da kuɗi mai yawa, amma babu ƙofar da za su bi su shiga jiki. Daga nan sai a kira likita, shi kuwa ya zo da takarda ya nemi 'yan'uwa su sa hannu, domin za a zura wata siririyar roba ta wuya ko ta saman ƙirji har zuwa bakin zuciya. To a nan ne hankalin mutane kan tashi. Wani ya ce ai ba a taɓa ƙirjin mutum ya tashi, wani ya ce a dakata sai babban wa ya iso daga ƙauye, a yi ta shawara a baranda, alhali kuwa wanda ke kwance ba shi da lokacin jira.

Wannan tsoro yana da dalili, gama aikin yana da hatsarinsa. Sai dai yawancin masu tsoron ba su san inda hatsarin yake ba, ba su kuma san an sami dabarar da ta rage shi ƙwarai ba. Maganar ta shafi birnin Bauchi kai tsaye, domin tun shekarar 2010, lokacin da tsohon Asibitin Ƙwararru ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, nan ne ake turo masu ciwo mai tsanani daga Toro da Dass da Ningi da Alƙaleri da sauran sassan jiha. Cututtukan da ke kawo su kuwa su ne irin waɗanda ke ɓatar da jijiya. Akwai waɗanda suka yi hatsarin mota a hanyar Jos ko ta Gombe jini ya zuba, da matan da jini ya ɓalle musu wurin haihuwa, da masu ciwon ƙoda. Akwai kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wanda kuma a 'yan shekarun nan Bauchi take tare da Ondo da Edo cikin jihohin da ya fi addaba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa 'yar robar bayan hannu ba ta wadatarwa kullum. Jijiyoyin hannu ƙanana ne, idan jini ko ruwan jiki ya ragu sai su lanƙwame kamar tiyon da babu ruwa a ciki. Bayan wannan akwai magunguna masu kaifi, kamar na ɗaga bugun jini ga wanda jininsa ya faɗi warwas, da wasu na ciwon daji, da abincin da ake ba mutum ta jini in hanjinsa ya kasa aiki, waɗanda kan ƙona ƙaramar jijiya, in suka tsiyaya cikin tsoka kuma su ɓata wurin. A babbar jijiya ta kusa da zuciya jini na gudu da yawa, saboda haka yakan surka maganin nan take. Haka nan injin wankin ƙoda yana jan jini wajen mililita 300 a minti guda, abin da jijiyar bayan hannu ba za ta iya bayarwa ba.

Ƙofofi uku ne likitoci suka saba bi. Akwai jijiyar gefen wuya, akwai ta gindin cinya, akwai kuma wadda ke ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda za a kira ƙashin wuya a nan. Wannan ta uku ita ce ta ɗauko jinin hannu gaba ɗaya. Tun daga damtse take tasowa, ta ratsa hammata, ta hau saman ƙirji, kuma muddin ba ta kai gefen haƙarƙari na farko ba sunanta jijiyar hammata. Da ta ƙetare wannan haƙarƙari sai ta shige ƙarƙashin ƙashin wuya, ta haɗu da ta gefen wuya, su gangara zuciya. Watau kogi ɗaya ne mai suna biyu, bambancin kawai shi ne mashigin da aka zaɓa. Kada kuma sunan ya ruɗi kowa: galibi a saman ƙirji ake soka allurar, kusa da kafaɗa, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya.

Tarihin aikin bai kai shekara ɗari ba. A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura wa kansa roba ta jijiyar gwiwar hannunsa har ta kai zuciya, sa'an nan ya je aka ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. Manyansa sun ɗauki abin wauta ne, amma a 1956 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu likitoci biyu. A 1952 wani likitan Faransa, Robert Aubaniac, ya bayyana yadda ake shiga jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya da allura don gaggauta ƙarin ruwa da jini. Shekara guda bayan haka, a 1953, Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar da kowa ke bi har yau: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sa'an nan roba ta bi bayan wayar. A 1987 kuma wani likita a Ingila mai suna Nickalls ya nuna ana iya matsawa waje kaɗan a shiga ta jijiyar hammata.

Abin da ya sa ake neman matsawa waje shi ne huhu. Ƙoƙon huhu yana nan daf da bayan jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya, likita kuwa a dā lalube yake yi, yana auna ƙashi da yatsa yana kintatar inda jijiya take. In allura ta zarce ta huda tantanin da ya lulluɓe huhu, iska kan taru a ƙirji ta danne huhun, har a bukaci sa wani bututu don fitar da ita. In kuma ta sami jijiya mai harbawa da ke kwance kusa, ƙashi ya tare, babu halin danna wurin a tsai da jini. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Faransa, aka buga a 2015, ya gwada ƙofofin nan uku a kan majiyyata fiye da 3,000. An tarar robar ƙarƙashin ƙashin wuya ita ce mafi ƙarancin jawo ƙwayoyin cuta cikin jini da daskarewar jini, amma ita ce mafi yawan huda huhu, wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, alhali ta wuya rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari.

To jijiyar hammata tana neman haɗa alherin biyu. Fatar saman ƙirji ta fi ta wuya da ta gindin cinya sauƙin tsabtacewa, nesa take da yawu da majina da bahaya, kuma majiyyaci na iya juya wuyansa ba tare da roba ta dame shi ba. Jijiyar tana wajen kejin haƙarƙari, saboda haka tazararta da huhu ta fi yawa. In aka sami jijiya mai harbawa bisa kuskure, ana iya dannawa da hannu, abin da ke da muhimmanci ga wanda jininsa ba ya saurin daskarewa. Mafi girman amfaninta kuwa shi ne ana ganinta. Na'urar nan ta sikanin, wadda mata suka sani wurin awon ciki, ba ta iya leƙa bayan ƙashi, amma a nan babu ƙashin da ya tare, sai likita ya ga jijiyar a allo, ya ga ta harbawa kusa da ita, ya ga haƙarƙari da tantanin huhu a ƙasa, ya kuma bi tsinin allurarsa da ido har ta shiga. Gani ya kori ji. Ga majiyyacin Lassa ma akwai ƙarin riba, domin in an dace tun sukar farko, jinin da zai fantsama kaɗan ne, hatsarin allura ta soki ma'aikaci ma ya ragu.

Aikin kansa ba ya bukatar a sa mutum barci. A kan kwantar da shi rigingine, a wanke fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta, a yi masa allurar kashe zafi a wurin. Robar da ake sa wa babba tsawonta santimita 15 zuwa 20 ne, bakinta kuwa yana tsayawa cikin babbar jijiyar da ke zuba wa zuciya jini daga sama. A kan ɗinke ta da fata don kada ta zame, a rufe da filasta, sa'an nan a ɗauki hoton ƙirji a tabbatar ta zauna daidai kuma huhu lafiya lau.

Amma fa ba kowa ne wannan ƙofa ta dace da shi ba. Jijiyar hammata ta fi nisa daga fata, musamman ga mai ƙiba, kuma ga wanda ruwan jikinsa ya ƙafe takan lanƙwame duk sa'ad da ya ja numfashi. Jijiyoyin da ke motsa hannu suna kusa da ita. Don haka aiki ne na hannun da ya koya ya ƙware. Babban gargaɗi kuwa ya shafi masu ciwon ƙoda mai daɗewa. Wanda zai yi shekaru yana wankin ƙoda, abin da ya fi masa shi ne a yi masa ƙaramin aiki a hannu a haɗa jijiya mai harbawa da mai mayar da jini, dabarar da aka fito da ita a Amurka a 1966, wadda kan ɗauki makonni kafin ta nuna. Katuwar robar wankin ƙoda, in ta daɗe a jijiyar hammata ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya, takan sa jijiyar ta tsuke, hannun ya kumbura, wannan aiki na gaba ya gagara. Shi ya sa likitocin ƙoda suka fi son jijiyar wuya ta dama. Wajibi ne duk wanda aka taɓa gaya masa ƙodarsa ta yi rauni, ko 'yan'uwansa, su faɗa wa likita tun kafin a zaɓi ƙofa, gama jijiyoyin hannunsa dukiya ce da ba ta da madadi.

Bayan an sa roba lafiya, sauran hatsarin na ƙazanta ne, domin hanya ce buɗaɗɗiya daga waje zuwa zuciya. A Jihar Michigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun ɗauki ƙa'idodi biyar suka riƙe: wanke hannu, sa cikakkiyar rigar aiki da safar hannu da takunkumi, wanke fata da kilohekzidin, guje wa gindin cinya in da hali, da cire robar da zarar bukatarta ta ƙare. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta hanyar robar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Babu ko ɗaya cikin ƙa'idodin nan da ya fi ƙarfin asibitin da ke da ruwa da sabulu da ma'aikata masu kula.

A ƙasar nan masu zaman jinya su ne ke goge wa majiyyaci jiki, su juya shi, su ba shi abinci, saboda haka rabin tsaron robar a hannunsu yake. Kada su taɓa bakinta, kada su buɗe murfinta, domin iska na iya shiga jini ta nan. Kada ruwan wanka ya jiƙa filasta, kada kuma a shafa man zafi ko wani maganin gargajiya kusa da wurin. In filasta ta ɗaye, ko wurin ya yi ja, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka taso, ko hannu ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a kira ma'aikaci nan take. Ba rashin kunya ba ne kuma ɗan'uwa ya tambayi likita cikin ladabi kowace safiya ko har yanzu ana bukatar robar.

Sauran magana ta hukuma ce. Na'urar sikanin ba baƙuwa ba ce a Bauchi, har ƙananan asibitocin kuɗi suna da ita, kuma yanzu akwai irin wadda ake riƙewa a hannu a haɗa da waya. Abin da ake bukata shi ne a ajiye ɗaya, mai kan da ya dace da duba jijiya, a ɗakin hatsari da ɗakin kulawa ta musamman da sashen wankin ƙoda, inda likitan dare zai same ta ba sai ya nemi mai mabuɗi ba. A koya wa matasan likitoci aikin a kan gunkin roba kafin su taɓa mutum, a tanadi robar a kantin maganin asibiti don kada a tura 'yan'uwa neman ta cikin gari da tsakar dare, a kuma riƙa rubuta yawan robar da aka sa da yawan waɗanda suka jawo matsala. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumomin manyan asibitoci su sa wannan cikin kasafinsu. Su kuma 'yan'uwa, in likita ya miƙo takarda, su tambaye shi ta wace jijiya zai bi, da na'ura zai duba ko kuwa, kwana nawa robar za ta yi, sa'an nan su sa hannu da wuri su bar sauran ga Allah.