Man goge haƙori: a saya ko a haɗa a gida?



Yau ba maganar iri ko taki na zo muku da ita ba, maganar baki ce. Man goge haƙori na kanti ya yi tsada, mutane da yawa sun koma haɗa nasu a gida, kuma ana ta tambaya ko daidai ne. Malamin gona ba likita ba ne, amma ga ra'ayina: a haɗa, ba laifi. Sai dai a san abin da ake zubawa ciki, kuma kar a ce ya isa ga yara.

Ku fara sanin wannan: guga ce ke wanke haƙori, ba kumfa ba. Dattin nan mai yauƙi da ke liƙewa gindin haƙori bayan an sha fura, gidan ƙwayoyin cuta ne. In suka samu sukari sai su fid da tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori har ya yi kogo. Asuwaki na fidda wannan datti kamar yadda buroshi ke fidda shi. Reshen dogon yaro ko na aduwa, kaurin ƙaramin yatsa, tsawon taƙi ɗaya, ya isa. A tauna kansa har ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, kullum a yanke kan da ya tsufa. Amma kar a karyo daga iccen da ke bakin gonar da aka fesa wa magani, kuma a nisanci mai ƙaro fari irin tumfafiya da aguwa.

Wanda ke son gari ya ɗora bisa asuwaki, ga haɗi mai sauƙi. Cokalin shayi 4 na bikarbonat, wanda ake samu a farmasi da wajen masu kayan yin burodi. Rabin cokali na gishiri, a niƙe shi liƙis. Kanumfari 4 ko 5, a daka, a tankaɗe da ƙyalle. A gauraya, a zuba a kwalba busassa mai murfi. Kar a sa ruwa cikin kwalbar. Lokacin guga sai a jiƙa kan asuwaki, a dangwala kaɗan, a goge, a tofar. Ina roƙonku, ban da kwalba ko gwangwanin maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma.

To, ga inda ba mu shiri da masu cewa duk abin gargajiya lafiya ne. Na san masu goge baki da gawayi, da toka, da kanwa, har da yashi. Wasu kuma na matsa lemun tsami, wai haƙori ya yi fari. Zai yi fari, gaskiya ne, amma da me aka biya? Haƙori na da ɓawo mai ƙarfi, shi ne farin da kuke gani. Yashi da gawayi mai tsakuwa na kankare shi, lemun tsami na narka shi, kanwa da toka na ƙona dasashi. Kun san gonar tudu da iska ta kwashe ƙasar sama, ta bar fako. Gona ma gara ita, da taki da tassa ana maido ta. Ɓawon haƙori in ya tafi ba ya dawowa. Daga nan ruwan randa ma sai ya gagari mutum sha.

Saura maganar yara. Abu ɗaya ne man kanti ya fi namu da shi, wani sinadari da ake kira fuliyo. Shi ke ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfi ya jure tsami. Bikarbonat ba ya da shi, kanumfari ba ya da shi. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge haƙori mai fuliyo cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa ba. Kakanninmu sun tsufa da haƙoransu da asuwaki kaɗai, haka ne. Amma ba su tashi da alewa da biskit da lemun kwalba da shayi mai sukari kamar ɗiyanmu na yau ba. Saboda haka in kuɗin guda ɗaya kawai ke akwai, a saya, a duba an rubuta Fluor a jikinsa, a bar wa yara. Babba ya riƙe asuwaki da garinsa. Man zai daɗe, don ba a cika buroshi da shi kamar yadda ake nunawa a talla. Yaro ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Uwa ta tsaya kansa har ya tofar, musamman da dare kafin kwana.

Awon nan ba rowa ba ce. Fuliyo kamar takin zamani yake: ɗan kaɗan gindin hatsi ya gyara, a cika shi ya ƙone. Mutanen Maradi ba su manta Tibiri ba, inda wajen shekarar 2000 aka gano ruwan rijiyar burtsatse ya yi yawan fuliyo, haƙoran yara da yawa suka rine, ƙafafun wasu suka tanƙware. Shansa cikin ruwa kullum ne ya kawo haka, ba guga ba. Duk da haka, in a garinku kuna ganin haƙoran yara na fitowa da tabo ja-ja ko fari kamar alli, ku gaya wa likita, ku nemi a auna ruwan.

Wanda kuma haƙorinsa ya riga ya yi kogo, kanumfari zai kwantar masa da zafi dare ɗaya, ba zai toshe ramin ba. In kunci ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, a tafi likita ranar nan, kar a jira ranar kasuwa.