Dalma Ta Hau Jirgi, Guba Ta Kwana a Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gyaran taya ya san ɗan guntun ƙarfen nan mai nauyi, wanda bai wuce tsawon yatsa ba, da ake maƙalawa a bakin wili domin taya ta daidaita, sitiyari ya daina kyarma in mota ta ɗauki gudu. Shekara da shekaru da dalma ake yin sa, saboda tana da nauyi, ga laushi, ga araha. In ya tsufa aka ɓamɓare shi, ba juji yake tafiya ba. 'Yan gwangwan ne ke bin gareji-gareji suna tarawa, a ɗora a sikeli, a biya kuɗi. Daga nan sai kasko da wuta. Dalma tana narkewa in zafi ya kai digiri 327 a ma'aunin Salshiyos, abin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa ba wahala. Maƙalan ƙarfen su taso sama a kwashe, a yaye dattin da ya yi kumfa, a tsiyaye ruwan dalma cikin mazubi, ya daskare ya zama sanda. Sandunan nan su ne haja. Daga hannun dillali zuwa hannun dillali har su isa masana'antar batir, ta gida ko ta ƙetare.

Mu ba mu raina wannan sana'a ba. Wanda ya tsinci abin da aka yar ya mai da shi kuɗi ya fi wanda ya zauna yana jiran a ba shi, kuma dalma ƙarfe ce da ake iya narkawa sau ba adadi ba ta lalace ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita batir ɗin mota da makamantansa ne ke cinyewa, don haka kasuwarta ba za ta mutu gobe ba. Maganarmu guda ce: a tara dalma a ko'ina, amma kada a narka ta a inda mutane ke kwana.

Dalilinmu shi ne abin da ke saura bayan an loda sanduna an tafi. Hayaƙin da ya tashi daga kasko, da tokar da aka yaye aka zubar bayan katanga, da ƙurar da ta manne a riga da hula da ƙarƙashin farce, duka dalma ce. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, damina goma ba ta wanke ta daga ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa. Yaro kuwa rarrafe yake yi, hannunsa daga ƙasa sai baki. In gubar ta yi yawa sai farfaɗiya da suma da mutuwa. In kaɗan ce sai ta ci ƙwaƙwalwa a ɓoye, yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, malami ya yi ta duka, iyaye su ce daƙiƙi ne. Bugu da ƙari tana ɓuya cikin ƙashi shekaru, har ranar da yarinya ta girma ta yi ciki, sannan ta fito ta shiga jikin ɗan tayi.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda yara kusan 400 suka rasu. A 2015 irin wannan masifa ta auka wa ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja. Gaskiya ne dalmar can daga duwatsun zinariya ta fito, waɗanda ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje, amma hanyar da ta bi ta shiga jikin yara ita ce dai wannan: an shigo da aikin dalma tsakar gida. Wanda kuma ke son misali daga tsohon ƙarfe kansa ya dubi unguwar Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, ƙasar Senegal. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a can, bayan da mazauna suka shiga tankaɗe ƙasar da aka daɗe ana fasa batir a kanta, suna tara ɓarɓashin dalma cikin buhuna a ɗakunansu don sayarwa.

To, ina masu sayen sandunan? Su tuni sun kare kansu. Tarayyar Turai ta hana sa dalma a wilin mota tun 2005, Jihar Kalifoniya a Amurka ta bi sahu a 2010, Kanada kuma a 2024. Sun koma ga baƙin ƙarfe da zinki, mota kuwa ba ta daina tafiya daidai ba. Amma buƙatarsu ta dalmar batir tana nan, kuma a 2025 binciken 'yan jarida a garin Ogijo na Jihar Ogun ya nuna yadda dalmar da ake narkawa a can ke ƙarewa a masana'antun batir na Amurka, alhali gwajin jini ya nuna guba a jikin mazauna garin da ma'aikata. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. A 1988, da aka jibge mana dattin masana'antun Italiya a garin Koko, ƙasar nan ta tashi tsaye har sai da aka kwashe shi. Yau ba a kawo mana datti a jirgi ba. Mu ne muke tace ƙarfe mai tsabta mu loda musu, mu riƙe dattin.

Wani zai ce talaka ne ke cin abinci a nan, a bar shi ya nema. Mun ji. Amma ɗan abin da mai kasko zai samu a kan kilo bai kai kuɗin jinyar yaro guda ba, balle kuɗin kankare ƙasar unguwa a sake zuba wata, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Ribar da za ta ci ƙwaƙwalwar ɗanka hasara ce. Mai tarawa zai iya ci gaba da cin abincinsa in ya sayar da dalma yadda ya tsince ta, cikin rufaffen bokiti, ga masana'anta mai lasisi wadda ke da matatar hayaƙi, take kuma auna jinin ma'aikatanta.

Saboda haka muna kira ga hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da ta aiwatar da dokar kula da batir ta 2024 da gaske, ta kuma haɗa da dalmar taya a cikin abin da take sa wa ido. Muna kira ga gwamnati ta hana shigo da sabbin dalmar taya, yadda aka daina sa dalma a man fetur, ƙasa kuwa ba ta tsaya ba. Ku kuma yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, ku ne ke rubuta takardun sayen kaya. Layi guda da ya ce motocin ma'aikata ba za a sa musu dalma a wili ba ya isa ya juya kasuwa.

Mu ɗalibai namu aikin ya fi sauƙi. In mun koma gida hutu, mu samu mai gyaran taya da ɗan gwangwan na unguwarmu mu faɗa musu cikin ladabi: kada a hura wutar dalma a gida, kada a ci abinci kafin a wanke hannu da sabulu, kada a shiga wurin iyali da kayan aiki, kada kuma dalma ta faɗa cikin ƙarfen da ake zuba tukwanen girki da shi. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan babu maganin da ke mayar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Allah ya kare mana ƙannenmu, amin.