ABOKIN TARAYYA YA RASU: SHAGON NA WANE NE?



'Yan'uwa matasa, duk wanda ya san Kantin Kwari ko Singa ko Kasuwar Sabon Gari ya san shaguna da yawa ba na mutum ɗaya ba ne. Mutum biyu ko uku za su haɗa jari, babu takarda, babu shaida, sai dai "ai mun yarda da juna." Ranar da ɗayansu ya cika, a yi jana'iza, a zauna karɓar gaisuwa kwana uku, rana ta huɗu a buɗe shago a ci gaba da ciniki kamar ba abin da ya faru. Mai rai ya riƙa aika wa matar mamaci cefane, jama'a suna cewa ya riƙe amana. Wace amana? Da kuɗin wa yake cefanen?

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa mutuwa tana yanke tarayya. Daga wannan lokaci kason mamaci ya zama na magada. A fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. Wanda ya ci gaba da juya wannan kaso ba da izinin magada ko waliyyin marayu ba, ya koma ya karanta aya ta 10 cikin Suratun Nisa'i. Hatta dokar tarayya ta Ingila ta 1890 ta ce mutuwa tana warware tarayya, sai in an yi wata yarjejeniya tun farko. Abin kunya ne a ce Nasara sun rubuta nasu, mu kuma mun yi watsi da namu.

Sai maganar haraji. Mun sani, talakan Kano bai taɓa shiri da haraji ba, shi ya sa aka yi murna da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Amma ƙin abu ba ya hana a san shi. A dokar Nijeriya ba tarayyar ake ɗora wa harajin kuɗin shiga ba, kowane abokin tarayya ake bi a kan kasonsa na riba, kuma a nan Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano ce ke karɓa. Ke nan harajin ribar da mamaci ya samu kafin rasuwarsa daga dukiyarsa zai fita, na mai rai kuma daga aljihun mai rai. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. To, wanda bai rubuta komai ba, da me zai nuna cewa kason mamaci bai kai haka ba? Ma'aikacin haraji zai yi ƙiyasi ya yanka, mai rai ya zari kuɗi daga aljihun tebur ya biya, marayu su ɗauki rabin nauyin da wataƙila ba nasu ba ne.

Don haka in mai gidanka ne ya rasu, ko abokin cinikin mahaifinka, kada ka ji nauyin yin magana. Kafin a sake buɗe shago a kirawo magada da shaidu biyu adilai, a ƙidaya kaya bandir-bandir, katan-katan, a rubuta bashin da ake bi da wanda ake bin shago, a sa kwanan wata. In an yi wa sunan kasuwancin rajista da hukumar CAC, a sanar da ita. In magada suna son ci gaba, a ƙulla sabuwar tarayya a rubuce. Kuma kowane ɓangare ya ajiye kofi a gida, domin gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ba ta bar littafin da ke cikin shago ba.