Gamba: Ciyawar Da Ke Rufa Wa Gida Asiri



Hutun da ya wuce na kai yara ƙauye gaida kakarsu. Autata ta tsaya tana shafa zanar da aka kewaye makewayi da ita, ta ce, "Umma, me ya sa aka tsayar da tabarma a nan?" Aka yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Yarinya ba ta san zana ba, balle gambar da ake saƙa ta da ita. Kakarta ta ce ai bana ma sai kasuwa aka aika aka sayo, domin bayan garin da ake yankowa a da duk ya zama gona.

Yawancin ciyayin da muke gani da damina, irin su ƙarangiya da kyasuwa, shekara ɗaya suke yi. Su zubar da iri su mutu, baɗi 'ya'yansu su tsiro. Gamba ba haka take ba. Samanta ne kawai ke bushewa da rani, tushenta na nan da rai shekara da shekaru. A dunƙule take fitowa, kara da yawa daga gindi guda, kuma a wuri mai kyau takan kai mita 3 ko fiye, ta shanye dogon namiji. Ganyenta dogo ne mai gashi-gashi, da farin layi a tsakiya. Da kaka take fitar da kai, irinta mai laushi kamar auduga, iska ta kwashe shi.

Sirrinta yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta iri uku ce: akwai sirara da ke bazuwa kusa da sama suna tsotse ko yayyafi ne, akwai masu kauri da ke ajiye abinci, akwai kuma masu nutsawa can ƙasa neman laima. Shi ya sa take jure dogon rani, kuma ko wutar daji ta cinye ta, ba a daɗewa sai ka ga kore ya leƙo daga cikin toka. Makiyaya sun san darajar wannan tohon a lokacin da babu wani ɗanyen abu a daji. Ba ta zaɓen ƙasa, jigawa ko jar ƙasa mara taki duk tana yi, sai dai ba ta son inda ruwa ke kwanciya ya daɗe, ba ta kuma son inuwa mai duhu.

Masana na kiranta Andropogon gayanus, amma ko a Ostireliya sunanmu na gamba suke kiranta da shi. An kai ta can a shekarun 1930 don kiwon shanu, ta tsere daga gonaki ta mamaye daji a arewacin ƙasar. Da yake babu mai yankan ta ya yi zana, sai ta taru ta bushe, in wuta ta kama har manyan itatuwa take kashewa. A 2012 suka sa ta cikin jerin mugayen ciyayi na ƙasa baki ɗaya. A Barazil da Kolombiya kuwa shuka ta ake yi wa shanu, da irin da asalinsa daga Shika ta kusa da Zariya aka ɗauka. Mu da muke da ita kuma ga mu muna sayen zana da tsada.

Ba gatari ke kashe gamba ba, garma ce da yawan kiwo. In aka tumɓuke tushen, ko dabbobi suka riƙa cinye tohon tun bai yi ƙarfi ba, shi ke nan ta tafi. Dattawanmu sun gane haka, shi ya sa suke barin ta a kan iyakar gona: ta raba rigimar maƙwabta, ta tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita, da kaka kuma a sami na zana da na jinkar rumbu, almajirai ma su sami na fiƙe alƙalami.

Ke da kike da 'yar gonar gado ko ta maigida, ba sai kin nemi iri ba. In damina ta kankama, a tsago wani sashe na tsohon gindi da saiwarsa a dasa a bakin gona. Wajen yanka a bari sai iri ya nuna, a sa lauje a sama da ƙasa kaɗan, a bar gindin. Amma don Allah kada a jingine damin busasshiyar gamba kusa da madafa, musamman da hunturu lokacin da yara ke jin ɗumi. Ƙiftawar ido take kamawa.

A garinku nawa ake sayar da zana bana, kuma daga ina ake kawo ta? 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ina jiran naku bayanin a ƙasa.