Damagaram: ambaliya da damina, ƙishirwa da bazara

A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram. Amma kowace bazara, matan garin a bakin famfo suke kwana. Canjin yanayi ya ƙara tsananta lamarin: ruwa ya sauko da yawa lokaci guda, sannan ya ɗauke.

Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga Gogo-Machaya da Ganaram. Sabbin rijiyoyi kaɗai ba za su wadatar ba. Ya kamata hukumomi su yashe tabkuna, su gina ƙananan madatsai, su hana gini a kan hanyar ruwa. Abin da aka bari ya wuce da damina, shi ake saye da tsada wurin ƴan ga-ruwa da bazara.