TAKARDAR ZAMA A ƘASAR WAJE: ABIN DA YA SHAFI ƳAN BIƊA NA GALMA

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, samari da magidanta na ƙaramar hukumar Galma Kudawace, cikin gundumar Madawa, sukan ɗaure kaya su nufi tasha. Haka abin yake a gundumomin Buza da Keita, da sauran sassan jahar Tawa. Mai garkar albasa a kwarin Tarka yakan tsaya ya yi noman rani. Wanda ba shi da ita kuwa sai ya tafi biɗa: wasu Kano ko Legas, wasu Abijan, wasu kuma su bi ta Agadas su shiga Aljeriya ko Libiya. Wannan tafiya ta daɗe. Lokacin da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya, mata ne suka yi yawancin aikin jera duwatsu da dashen itatuwa, domin mazan suna wajen biɗa.

A tasha ana tambayar kuɗin mota, ana tambayar wanda za a sauka wurinsa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da wace takarda mutum zai zauna a ƙasar da ya nufa, kuma har tsawon wane lokaci?

SABUWAR BIZA TA MASU AIKI DAGA NESA

Wannan magana ta takardar zama ta ɗauki sabon salo a duniya tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa mutane da yawa suka koma yin aikin ofis daga gidajensu, ta hanyar kwamfuta da intanet. Da aka ga mutum yana iya zama a wata ƙasa alhali albashinsa yana zuwa daga wata, sai gwamnatoci suka ƙirƙiro biza ta musamman domin irin waɗannan ma'aikata. Estoniya ta buɗe tata a watan Agusta 2020, Fotugal a Oktoba 2022, Sipaniya kuma a farkon 2023. A nahiyar Afirka, tsibiran Kap Ber da Moris sun yi haka a 2020, Namibiya a 2022.

Mutanen ƙasar Burazil suna cikin waɗanda wannan hanya ta shafa ƙwarai, domin harshensu ɗaya da na Fotugal, kuma su ne baƙi mafi yawa a can. Amma sharaɗin yana da nauyi. Fotugal ta ce sai mai nema ya nuna yana samun ninki 4 na albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar a kowane wata. A 2022 wannan ya kama Yuro 2,820, watau kusan miliyan 1 da jaka 850 na Sefa. A Nijar, albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar daga Janairu 2024 jaka 42 ne. Ke nan abin da ake son baƙo ya samu a wata guda ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 44. Ita ma Burazil, da ta buɗe irin wannan biza ga baƙi a Janairu 2022, ta nemi dalar Amurka 1,500 a wata.

Dalilin wannan sharaɗi a fili yake. Ƙasar da ke ba da bizar tana son baƙon da zai zo da kuɗinsa daga waje, ya biya haya, ya sayi abinci, ba tare da ya karɓe aikin ɗan ƙasa ba. Ɗan biɗa na Galma kuwa ƙarfinsa yake kaiwa: dako, gini, gadi, tallar shayi, sayar da nama ko albasa. A can yake samun kuɗin, ya aiko gida. Saboda haka babu ƙasar da za ta yi masa biza ta gata. Abin da ke kare shi abu biyu ne kawai: yarjejeniyar da ƙasarsa ta ƙulla da ƙasar da ya sauka, da kuma takardun da ke cikin aljihunsa.

Ko yarjejeniyar ma takan canja. Ƙasashe masu magana da harshen Fotugal sun sa hannu kan yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirga a birnin Luwanda a Yuli 2021. Duk da haka, a Yuni 2024 Fotugal ta soke hanyar da a da baƙo ke bi ya shiga ƙasar tukuna, ya sami aiki, sannan ya nemi takardar zama. Mutanen Burazil da yawa ta wannan hanya suke bi. Harshe ɗaya da daɗaɗɗen zumunci ba su hana a rufe ƙofar ba.

ABIN DA YA FARU A BAYA

Dattawan jahar Tawa ba su buƙatar a kai su Turai kafin su gane wannan. Ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasar. Ƴan Nijar da suka yi shekaru a Kumasi da Akara suka komo gida, wasu sun bar rumfunan kasuwa da gidaje.

Shekara 10 bayan haka, ran 29 ga Mayu 1979, shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. Mutane da yawa sun riƙe maganar shiga ba biza, suka manta da maganar kwana 90. Da kuɗin man fetur ya faɗi, ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta Najeriya ta ba baƙi marasa takardu mako 2 su fita. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, har da ƴan Nijar masu yawa. Aka sake yin wata korar a 1985. Sai a 1986 CEDEAO ta ƙara yarjejeniyar izinin zama, ta kuma ƙara ta izinin kafa sana'a a 1990.

Ƙasar Kot Dibuwar, inda ƴan Adar suke da yawa, ta ɗora wa baƙi katin zama na kuɗi a farkon shekarun 1990, lokacin da tattalin arzikinta ya shiga matsi. Katin ya zama hanyar tare mutane a kan titi da cikin unguwanni, har zuwa 2007 da aka soke shi ga ƴan ƙasashen CEDEAO.

A duk waɗannan lokuta abu ɗaya ne ya maimaitu. Muddin kasuwa tana ci, ba mai tambayar baƙo takarda. Ranar da abinci ya yi tsada, aiki ya yi wuya, marar takarda ne ake fara nunawa da yatsa.

INDA MAGANA TA TSAYA

Ran 28 ga Janairu 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga CEDEAO, ficewar kuma ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A wannan rana ce aka fito da fasfo na ƙawancen AES. A ranar kuma CEDEAO ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta da ke hannun mutanen ƙasashen uku, su kuma bar su da damar shiga da zama ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Wannan mataki ya kwantar da hankalin iyalai da yawa. Sai dai ya kamata a lura da kalmominsa: abin da aka ce "har sai an ba da wata sanarwa" bai kai ƙarfin yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba.

Har wa yau, ƙasashen da ake zuwa biɗa ba matsayinsu ɗaya ba. Kot Dibuwar, Benin, Togo da Senegal suna tare da Nijar cikin ƙungiyar UEMOA ta masu kuɗin Sefa, wadda yarjejeniyarta ta 1994 ta tanadi ƴancin zirga-zirga da zama. Najeriya da Gana ba su ciki. Aljeriya da Libiya kuwa ba su taɓa shiga CEDEAO ba. Tun Disamba 2014 ake komo da ƴan Nijar daga Aljeriya cikin jerin motoci ta Asamaka. Da Libiya an sa hannu kan takardar fahimtar juna game da ma'aikata a Nuwamba 2021. Ita ma Nijar, a Janairu 2025, ta kafa sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu, kuma sanannen abu ne cewa ƙasashe sukan yi wa ƴan wata ƙasa yadda ta yi wa nasu.

ABIN DA YA RAGE A YI

Aikin farko yana gida. Tushen kowace takarda ita ce takardar haihuwa: in babu ita babu katin ɗan ƙasa, in babu katin babu fasfo. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwar yaro. Wanda ya wuce wa'adi sai ya bi ta wurin alƙali a yi masa madadinta. Nan ne hakimai, limamai da waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci ke da babban aiki, domin su ne ke iya karanta wa maƙwabci abin da ke rubuce, su nuna masa ranar da katinsa zai mutu. Ma'aikatar magajin gari da ta shari'a kuma, in za su fita ƙauyuka yin takardu, lokacin da ya dace shi ne tsakanin girbi da tashin ƴan biɗa. In aka bari sai tsakiyar rani, mata da tsofaffi kaɗai za a tarar.

Aiki na biyu yana kan matafiyi: katin ɗan ƙasa mai rai, katin rigakafin shawara, sannan in ya sauka ya je ofishin jakadancin Nijar ya yi rajista ya karɓi kati. Da wannan ne hukuma ke sanin yawan mutanenta, ta iya tsaya musu ranar da wani abu ya taso.

Na uku yana wuyan mahukunta. A duk tattaunawar da za a yi da maƙwabta, maganar izinin zama ta cancanci kujera ɗaya da maganar kwastan da ta kasuwanci, kuma a rubuta ta ƙasa da ƙasa, da sharuɗɗan da mai dako zai iya cikawa. Kuɗin da ƴan biɗa ke aikowa su ne ke sayen hatsi a gidaje da yawa na Galma, Buza da Keita idan rumbu ya ƙare kafin sabon amfani ya nuna. Korar mutum ɗaya daga Abijan ko Legas tana iya kashe wutar murhu a gida guda har ƙarshen damina. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.